Wa Ake Tambaya Kafin a Shirya Ɗaki?

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dammunan gero da dawa an jibge a rumbu, sai kakar aure ta kama a kudancin Sakkwato. A Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, da garuruwan da ke kan hanya har zuwa Tambuwal, lokacin ne kafinta ke kwana da zarto a hannu, mai fenti ya rasa ta inda zai fara, mai ɗinkin labule ya tara alkawuran da suka fi ƙarfinsa. Uban amarya ya zo da kuɗin da ya haɗa bayan ya sayar da sa ko buhunan hatsi, ya miƙa wa kafinta waya, ya nuna masa hoton wani gado da aka ɗauka a Kano ko Dubai, ya ce, "Malam, irin wannan nake so, kada ɗiyata ta ji kunya cikin tsara." A yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, a sa rana. Cikin duk wannan magana da wuya ka ji an tambayi faɗin ɗakin da gadon zai shiga, ko ta ina ƙofa take, ko rufin kwano ne ko soro, balle a kai ga wadda za ta kwana ta tashi a ɗakin shekara da shekaru. A manyan birane yanzu akwai masu sana'ar tsara cikin gida da ƙawata shi, kuma darasin farko da ake koya musu shi ne su zauna da mai aiki su yi masa tambayoyi kafin su taɓa komai. Da yawa na ɗaukar wannan a matsayin baƙuwar ɗabi'a da ta zo daga Turai. Tarihin gini a ƙasar Hausa ya nuna tsohuwar aba ce a wurinmu, sai dai a da an raba ta gida biyu, rabi a hannun magina, rabi a hannun mata. Abin da ya same mu cikin shekara sittin da suka wuce shi ne rabin mata ya suɓuce, aikin ya koma hannun waɗanda ba su taɓa sa ƙafa a ɗakin ba.

Wannan yanki ya san gini na tsari tun farkon ƙarni na 19. Bayan jihadin da ya fara a 1804, Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, kuma da ya zama Sarkin Musulmi ya dage a kan kafa garuruwan ribaɗi masu ganuwa, inda jama'a za su zauna su yi noma da sana'a da karatu. Tambuwal na cikinsu, a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Gari mai ganuwa yana bukatar masallaci da gidan sarki da zauruka, saboda haka magina suka samu kasuwa da daraja. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya tarar ana gina wa Waziri Giɗaɗo masallaci, ya kuma yi hira da babban maginin, wanda ya gaya masa shi mutumin Zazzau ne, mahaifinsa ya zauna a Masar ya koyo wani abu na fasahar gini, ya bar masa takardunsa. Ba a daɗe ba bayan haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da masana suka daɗe suna zuwa kallon bakan gizonsa. Waɗannan manyan gwanaye ne masu aikin sarakuna. A ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwan magina na gari da ƙauye, kowane rukuni da Sarkin Maginansa, sana'ar tana bin gado daga uba zuwa ɗa, kuma su ne suka gina ɗakunan da talaka ya rayu a ciki.

Yadda irin wannan magini ke karɓar aiki shi ne wurin da ya kamata a tsaya a duba. Ba ya zuwa da takarda. Da rani, bayan an kwaɓa ƙasa ta kwana biyu tana ruɓa, an yi tubali ya bushe, sai shi da maigida su tsaya a filin. Ya tambayi iyali nawa ne, ko akwai niyyar ƙari, ko tsohuwa za ta zauna a gidan, ko maigida mai baƙi ne, ko yana da almajirai da za su yi karatu a zaure, ko yana saƙa ko dukanci da ke neman haske, ina za a ɗaure doki ko awaki, ina rumbu zai tsaya. Sa'an nan ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, maigida ya shiga cikin layin ya tsaya, ya juya, ya ce a ƙara taki ɗaya ta nan. A goge da tafin ƙafa a sake ja. Akwai abin da magini ba ya tambaya don ya riga ya sani: ƙofar zaure ba za ta kalli ta ciki kai tsaye ba, don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida, makewayi ba zai fuskanci alƙibla ba, bangon gabas, inda hadari ke dukansa, sai an ƙara masa kauri da yaɓe mai kyau, indararo ba zai zuba a gidan maƙwabci ba. Akwai kuma abin da kayan aiki ke yanke hukunci a kansa. Azarar giginya ba ta cika ɗaukar nauyin ƙasa ba idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, don haka duk wanda ke son ɗaki mai faɗi sai an yi masa dabarar jera azara a kusurwa, ko ginshiƙi, ko bakan gizo, kuma kowanne da kuɗinsa. Maigida na jin wannan bayani tun gini bai tashi ba, ya auna da aljihunsa. Ko a wajen ado haka abin yake. Zanen bangon ƙofar gida da Zariya da Kano da Damagaram suka shahara da shi bai tsaya a dagi kaɗai ba. A tsakiyar ƙarni na 20 an ga keke da agogo da mota da jirgin sama a jikin bango, domin masu gidajen sun faɗi abin da suke so a san su da shi, magini ya fitar musu da shi da ƙasa.

Amma aikin magini yana da iyaka, kuma iyakar ita ce bakin ƙofar ɗakin mace. Yana tayar da bango, ya yi rufi, ya huda alkuki inda fitila za ta zauna, wani lokaci ya gina gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi saboda hunturu. Daga nan ya wanke hannu ya tafi. Harshen kansa ya faɗi wanda ya gaji wurin: Bahaushe na kiran matarsa "mai ɗakina", 'ya'yan uwa ɗaya kuwa a ce 'yan ɗaki ɗaya ne. Gida na namiji ne, ɗaki na mace. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar nan ke hukunci da shi ya ƙarfafa wannan, tun da ya ba kowace mata haƙƙin mazauninta, kuma idan aka yi jayayya a kan kayan gida, abin da aka san na mata ne a al'ada ita ake bar wa. Saboda haka duk abin da ya mayar da bango huɗu ya zama ɗaki, mata ne suka yi shi. Su ke daɓe: a zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, mata su durƙusa a jere da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi da ƙarfi, ta yi duhun ja mai sheƙi. Su ke shafe bango da farar ƙasa. Su ke jere.

Jere ya cancanci a dube shi da kyau, domin a cikinsa ne ainihin sana'ar ƙawata ɗaki ta Hausa take. Kafin a kai amarya, gwaggonni da innoni da yayye da ƙawayen uwa su ɗunguma zuwa gidan ango da kayan ɗaki. Babbar cikinsu ta tsaya a tsakar ɗaki ta duba. Gado zai koma inda mai leƙowa daga ƙofa ba zai gan shi gaba ɗaya ba. Randa ta samu lungu mai sanyi. A bar wurin shimfiɗa abin salla ta fuskar gabas, a bar wurin da baƙuwa za ta zauna a tabarma, a tuna cewa nan da shekara, in Allah ya yarda, akwai jego, kuma mai jego na bukatar wurin wuta da wurin mai taya ta zama. Sa'an nan a hau jera kaya daga babba zuwa ƙarami, ana ja da baya ana kallo, ana saukewa ana sakewa. Kayan sun sauya da zamani. A da ƙore ne masu sassaƙa da faya-fayai da akusa, ana rataye wasu a ragaya. Masu hali suka ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida. Sai kwanonin sha da langa da fanteka masu fenti suka shigo ta kantunan Turawa, daga baya aka riƙa ƙera su a Legas da Kano, har ya zama bango guda na iya rufewa da su tun daga ƙasa har rufi. Sai gadon ƙarfe mai rumfa, sai kabad mai gilashi da tangaran. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi ta ambaton aure da kayan da dangi ke haɗa wa amarya, kuma mai karatu zai lura cewa harkar daga farko har ƙarshe a hannun mata take. Kayan nan ado ne, kuma asusu ne: ranar da ta ɓaci mace na iya sayar da kwano, ko ta adana shi don auren ɗiyarta.

Mai ja da wannan magana zai ce ai 'yan jere ma ba sa tambayar amarya. Tana can lulluɓe tana kuka, sai dai a kawo ta ta tarar an gama. Kuma jere, in za a faɗi gaskiya, rabinsa nuna wa dangin miji ne cewa yarinya ba daga sama ta faɗo ba, tana da gata. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. Gasar kayan ɗaki ta daɗe tana jefa iyaye cikin bashi, malamai sun daɗe suna wa'azi a kanta. Sai dai akwai abu biyu da suka sa rashin tambayar bai yi ɓarna a da ba. Na farko, waɗanda suka yi jeren sun rayu a irin ɗakin, sun yi girki da irin kwanukan, sun yi goyo da jego da zaman kishi a cikinsa, kuma yarinyar a gabansu ta girma, sun san ko mai son tsabta ce, ko mai sana'ar ƙuli-ƙuli ce da za ta nemi wurin ajiye kaya, ko mai karatu ce. Amsar tambayar tana cikin kansu tun kafin a yi ta. Na biyu, duk abin da suka yi mai gyaruwa ne. Bayan sati biyu amarya ta saki jiki, ta sauke jere ta mayar yadda take so, ta ja gado gefe, ta sa a toshe alkuki ko a huda wani. Ƙasa da ƙwarya da kwano suna karɓar gyara. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tsohon tsarin ya bar wa mai ɗakin hanyar toshe yoyon da hannunta.

Waɗannan sharuɗɗa biyu ne suka rushe. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki a 1967, kuɗin man fetur ya biyo baya a shekarun 1970, bulo da kwanon rufi suka bazu daga birni zuwa ƙauye. Ba wanda zai zargi mutumin da ya gaji da yaɓe duk shekara da fargabar rushewar soro a watan Agusta don ya koma siminti. Amma siminti ba ya jin lallashi. Inda aka sa taga nan za ta mutu. Birkila ya maye gurbin magini, sau da yawa baƙo ne da aka ɗauko daga wani gari, ana biyansa bisa yawan bulon da ya ɗora. Leda da tayil suka kashe daɓe, fenti ya kashe farar ƙasa, kuma duka aikin maza ne. Kayan ɗaki ya tashi daga abin da mace za ta ɗauka da hannu ɗaya ya koma katako mai nauyi, gado da sif da madubi da kujeru, waɗanda kafinta ke haɗawa a shagonsa ba tare da ya ga ɗakin ba. Sakamakon sananne ne ga duk mai shiga gidajen amare: sif ya toshe taga ɗaya tilo da ke akwai a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, gado ya cinye ɗaki har babu wurin salla sai a tsakar gida, kujerun da aka ci bashi aka saya suna jingine a kan juna, wani lokaci ma sai an fasa bakin ƙofa kafin kaya su shiga. 'Yan jere har yanzu suna zuwa, amma sun zama masu neman inda za su cusa abin da wasu suka riga suka yanke.

Akwai babban misali a kudu da wannan yanki na abin da ke faruwa idan mai zane ya yi nisa da mai zama. Da aka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, an tayar da mutum fiye da 40,000 daga ƙasashen Yawuri da Borgu, aka gina musu sababbin garuruwa. Mai zanen gidajen, Robin Atkinson, bai yi aikin ganganci ba. Ya nazarci fasalin gidajen mutanen ya yi ƙoƙarin kwaikwayonsu da bulon siminti da rufin asbestos. Duk da haka mazauna da dama sun koka da gidajen, wasu suka tayar da ɗakunan ƙasa da na ciyawa a gefe, wasu suka bar su. Ya kwafi siffar gida, amma siffa ba ta gaya maka inda tsohuwa ke son jin ɗumi ko inda mace ke shanya hatsi. A gefe guda kuma ga masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 bisa buƙatar dattawan garin, jama'a na kawo ƙasa da ruwa da itace, yana gyarawa yana ƙarawa shekara da shekaru, har ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Falke manomi ne a cikin mutanen da yake yi wa gini, yana salla a bayan limaminsu, yana jin abin da suke faɗa bayan an sallame.

Wani zai ce, to, ko an yarda a tambayi mace, kunya ba za ta bari ba. Wace budurwa ce a Fakku za ta zauna gaban kafinta ta ce ga irin gadon da take so? Ko ubanta ba za ta iya gaya wa ba. Wannan ma haka ne, kuma duk wanda ya ɗauko takardar tambayoyi irin ta Turawa ya nufi gidan mutane da ita zai dawo da "duk yadda aka yi daidai ne" a kowane layi. Amma al'ummar da ta iya ƙulla aure gaba ɗaya ta bakin wakilai ba za ta rasa hanyar jin ra'ayin yarinya a kan labule ba. Babbar ƙawa tana nan, wadda amarya ba ta ɓoye mata komai. Gwaggo tana nan, wadda za ta ja ta gefe ta ce, "Ɗiyata, gaya mini tsakani da Allah, keken ɗinkin nan naki ina za ki sa shi?" Yayar ango na iya auna ɗaki da igiya ta aika wa kafinta. Waya ma da ta kawo hoton Dubai tana iya kai hoton ɗakin da faɗinsa. Abin da ake nema daga mai sana'a shi ne ya ƙi karɓar kafin alƙalami sai ya san girman ɗaki da inda ƙofa da taga suke, sa'an nan ya ce wa uban amarya, "Alhaji, a tambayo mana su Hajiya." Tsohon magini ma bai taɓa ganin matan gidan da yake ginawa ba, amma ya san akwai su, ya kuma san inda aikinsa ya ƙare nasu ya fara.

Saura masu cewa duk wannan damuwar 'yan birni ce, mutumin ƙauye da ke fama da taki da kuɗin magani ina ruwansa da tsarin ɗaki. Lissafin ya nuna akasin haka. Attajirin Abuja in kujera ba ta yi masa ba sai ya sauya ta. Manomin Kebbe kuwa kayan ɗakin ɗiyarsa na cikin manyan kuɗin da zai kashe a rayuwarsa, kuma sau ɗaya zai kashe su a kanta. In aka yi kuskure, ita za ta zauna da kuskuren har katakon ya ruɓe. Kuma ga macen da ke zaman aure a irin waɗannan garuruwa, ɗaki ya wuce wurin kwana. A nan take karɓar baƙi, a nan take renon yara, a nan take ajiye jarin sana'arta, ta ƙulla gyaɗa ko ta yi ɗinkin hula, a nan take jinya in ba ta da lafiya. Yawancin sa'o'in rayuwarta tsakanin bangon nan huɗu da tsakar gida suke. Yarinyar da ta yi makarantar Islamiyya ko sakandare na bukatar inda za ta sa littattafanta. Mai keken ɗinki na bukatar hasken taga ya faɗo ta hagunta. Mai sayar da ƙanƙara in akwai wuta ko sola na bukatar soket kusa da ƙofa, don yara masu saye su tsaya daga waje. Gwaggon da ta yi aure a zamanin langa ba lallai ta san waɗannan da kanta ba, domin rayuwar ɗiyar ta riga ta bambanta da tata, kuma kafintan da ke Tambuwal bai san su ba sam, sai an gaya masa.